Zaɓen allon gefe don jan fatsa daga kwale-kwale: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da na fi sha daga masu shirin sayen allon gefe, wanda Turawa ke kira planer board. Wasu amsoshin gajeru ne don babu abin ja a cikinsu. Wasu kuwa na zauna a kansu, musamman maganar kilif, wato ɗan abin da ke matse zare a jikin allo, don a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi da kifi.

Mene ne allon gefe, kuma wane aiki yake yi?

Wani ɗan allo ne mai yawo a saman ruwa, na roba ko na katako, an fiƙe goshinsa a karkace. Idan kwale-kwale na tafiya yana jan sa, ruwa na bugun wannan goshin, sai ya riƙa ture allon zuwa gefe maimakon ya bi bayan jirgi. Ka taɓa miƙa tafin hannunka waje ta tagar mota tana gudu, ka ɗan karkata shi, iska ta kwashe shi gefe? To haka ruwa ke yi wa allon. Zaren fatsarka na maƙale da shi, saboda haka duk inda ya je, can kifin robarka ko tanarka ke bi.

Allon ba ya nutsar da ƙugiya. Mutane da yawa na rikita shi da kayan da ke kai ƙugiya ƙasa. Zurfi yana zuwa ne daga irin kifin robar da ka ɗaura, da tsawon zaren da ka saki bayan allon, da dalmar da ka sa, da gudun jirgi. Allo gefe kawai ya sani.

Anya ba ƙarin kaya ba ne kawai? Ai ana kama kifi ba tare da shi ba.

Ana kamawa, babu musu. Amma akwai abu biyu da allo ke yi wanda hannu ba ya iyawa. Na farko, kifin da ke kusa da saman ruwa ba ya tsayawa jirgi ya bi ta kansa. Ƙarar inji da inuwar jirgi na kora shi hagu da dama, kuma daidai inda ya gudu ya tsaya nan allo ke kai masa ƙugiya. Na biyu, sandunan fatsa huɗu ko shida a bayan ƙaramin jirgi ba su da wurin wucewa sai sun harɗe. Da allo kuwa kana iya baje su a faɗin ƙafa 200 ko fiye, kowane zare da layinsa.

Ba banza ba wannan kaya ya yi ƙarfi a Manyan Tafkunan Amurka da Kanada. Yammacin Tafkin Erie ba shi da zurfi, galibinsa bai wuce mita bakwai zuwa takwas ba, kuma kifin wolai (walleye a Turance) da ake nema a can na yawan tasowa ya tsaya a tsakiyar ruwa. Bayan da aka gano wata ƙaramar ƙumba baƙuwa mai zane irin na jakin dawa a Tafkin St. Clair a 1988, ta bazu tana tace ruwa, wurare da dama suka yi garau. Ruwa mai haske kuwa kifi mai tsoro yake haifarwa. Idan ruwan da kake su ya yi duhu kuma yana da zurfi, ƙugiyarka na can ƙasa nesa da jirgi, amfanin allo ya ragu zuwa na raba zare kawai. Wannan ma dai ba ƙaramin amfani ba ne.

Iri nawa ne?

Biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazara sosai.

Akwai ƙaramin allo da ake maƙalawa kai tsaye a jikin zaren fatsa. Ka saki kifin roba iya tsawon da kake so, ka matse allon a zare da kilif biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, sannan ka ci gaba da saki, allon ya yi gefe. Kowace sanda da nata allo. Idan kifi ya ci, za ka ga allon ya ja baya ya fita daga sahun 'yan'uwansa. Sai ka naɗo har allon ya iso bakin sanda, a cire shi, ka ƙarasa da kifin. Sanannun masu ƙera irin wannan su ne Off Shore Tackle da Church Tackle, dukansu a jihar Michigan, sai kuma Yellow Bird.

Sannan akwai babban allo mai turke. Shi wannan ba ya taɓa zaren fatsa. Ana kafa turke a gaban jirgi, da manaɗi biyu a jikinsa, kowanne da igiya mai ƙarfi, galibi wadda ke ɗaukar fam 135 zuwa 200. Igiyar ce ke jan babban allo, wanda yawanci alluna biyu ne ko uku da aka haɗa da dogayen kusoshi, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Igiyar ta zama tamkar igiyar shanya. Ka saki kifin robarka, ka matse zaren a wani ƙaramin kilif mai zobe, ka rataya zoben a igiyar, sai ya zame ya gangara zuwa wajen allo. Haka za ka yi ta jera su, uku, huɗu, biyar a gefe guda. Kifi na ci, zare ya fizge daga kilif, ya rage daga kai sai kifi, babu allo a tsakani. Big Jon na cikin waɗanda aka sani da turaku da manyan alluna.

Wanda ya taɓa jin salmon ya fizge zare daga igiyar turke, sanda ta lanƙwashe manaɗi na kuka, zai gane abin da ya sa masu babban allo ba sa son rabuwa da shi.

To wanne zan saya a cikin biyun?

Ƙirga hannuwan da ke cikin jirginka tukuna. Idan kai kaɗai ne ko ku biyu, a jirgin da bai kai ƙafa 20 ba, sayi ƙananan alluna ka huta. Ba sa buƙatar huda jirgi, suna shiga ƙaramar jaka, kuma idan ka ga kifi ya taru a wuri ɗaya kana iya juyowa ka sake bi ta kansa cikin 'yan mintoci. Babban allo ba ya son kwana mai tsanani. Kana juyawa da sauri igiyar gefen ciki ta saki, zaruruwa su faɗa ruwa, sai warwara.

Idan kuwa jirgin babba ne, kuna da yawa, ruwan kuma buɗaɗɗe ne da za ka miƙe kilomita biyu ko uku ba ka juya ba, turke ya fi. Haka idan kana ɗaukar yara ko baƙi waɗanda ba su saba ba: miƙa wa yaro sandar da babu allo a jikinta ya fi sauƙi da ka ce ya daure da jan allo da kifi lokaci guda, sannan ya tsaya cak a cire allon ba tare da zare ya yi sako-sako ba.

Ni dai ra'ayina, mutum ya fara da ƙanana ko da yana da niyyar kafa turke nan gaba. Karatun allo, wato gane abin da motsinsa ke faɗa, a kan ƙarami ake koyonsa, kuma ba za su zama asara ba, don ranar da wurin kamun kifi ya cika da jirage babu filin baje manyan alluna.

Ƙananan allunan ma girma-girma ne. Yaya zan san nawa?

A nan mutane ke yin kuskure iri ɗaya: suna zaɓen allo da girman kifin da suke mafarkin kamawa. Allo ba kifi yake ja ba. Abin da yake ja duk yini shi ne kayan da ka rataya masa, don haka da nauyin kayan za ka auna shi.

Mafi ƙanƙanta, irin su OR34 na Off Shore ko TX-6 na Church, ba su fi tafin hannu ba. Na ƙananan kifin roba ne da zare siriri a ruwa mai kwanciya. Daɗinsu shi ne ko ƙaramin kifi ya taɓa za ka gani, kuma ba sa gajiyar da sanda mai laushi. Ka rataya masu dalma mai nauyi kuwa, sai su koma bayan jirgi suna jan ƙafa.

Matsakaita, irin OR12 na Off Shore ko Walleye Board da TX-22 na Church, tsawonsu wajen inci tara zuwa goma. Su ne jakin aikin. Suna jan kifin roba mai nutso, da tana mai farfela, da dalma 'yar daidai, da ɗan guntun zare mai dalma a ciki. In mutum zai sayi girma ɗaya tak, wannan ne.

Manya, irin TX-44 na Church ko SST Pro Mag na Off Shore, an yi su ne don masu jan zare mai dalma da yawa ko zaren jan ƙarfe. Zare mai dalma ana rina shi launi-launi, kowane launi yadi 10, kuma a gudun mil biyu a awa kowane launi na saukar da ƙugiya kusan ƙafa biyar. Launi uku ko biyar matsakaicin allo zai ja ba gardama. Launi goma, wato yadi 100 cur, ko ƙafa 300 na jan ƙarfe, wannan sai babba. Amma ka sani babban allo ƙarfi gare shi. Naɗo shi daga ƙafa 150 aiki ne ko babu kifi, kuma ƙaramin kifi zai iya rataye a bayansa ka yi ta yawo da shi awa guda ba ka sani ba.

Alamar allo ya yi wa kayansa kaɗan a bayyane take: gindinsa ya nutse, goshinsa ya ɗaga sama, kuma duk zaren da ka ƙara saki ba ya ƙara yin gefe, sai dai baya.

Na ji ana ta maganar kilif. Ashe yana da muhimmanci haka?

Ɗan'uwa, kilif ɗin ne allon. Alluna na kamfanonin kirki ba su da wani babban bambanci a ruwa, kowanne zai yi gefe. Abin da ke raba yini mai daɗi da yinin ɓacin rai shi ne ɗan abin da ke riƙe zare.

Kilif na asali baki ne mai sifirin da roba biyu a ciki, kamar abin matse shanya. Ƙarfin riƙonsa ya danganta da sifirin ɗin da kuma yadda ka cusa zare: a bakin-baki ya saki da wuri, can ciki ya riƙe gam. Off Shore na bambanta nasu da launi da lamba. OR19 mai ruwan lemo yana da riƙo mai ƙarfi. OR16 ja ne, kuma yana da ɗan tsinke a tsakiyar robar, idan ka sa zare bayan tsinken ba zai fita ba ko me ya faru. OR18, wanda suke kira Snapper, maɗauri ne da ake dannewa ya kulle, ana kuma iya ƙara masa ƙarfi ko a rage da ɗan sukuru. Allunan Church da yawa kuma a baya tsinke ne mai sifirin, zare na wucewa ta cikinsa.

Irin zarenka ne zai gaya maka kilif ɗin da za ka saya. Zaren nailan yana da kauri da ɗan taushi, roba na kama shi da kyau. Kitsattsen zare siriri ne kuma yana da santsi, yana zamewa a cikin robar kamar an shafa masa mai, ga shi kuma a hankali yana yanka ta har ya yi mata hanya. Mai kitsattsen zare ko dai ya sayi kilif mai kullewa, ko ya riƙa naɗa zaren sau ɗaya a bakin kilif kafin ya matse.

Na koyi wannan da kuɗina. Wata safiya na sauya zare zuwa kitsattse ban sauya kilif ba. Allon waje, wato mafi nisa da jirgi, yana can wajen ƙafa 120, taguwa ta ɗaga shi ta buga, sai na ga bakin sanda ya miƙe, allon kuma ya kwanta yana lilo, ya rabu da zare gaba da baya. Sanduna uku na cikin ruwa, ni kaɗai a jirgi. Kafin in naɗe su in juyo, iska ta yi gaba da shi, rana kuma na haska ruwan ta yadda ko tutarsa ban ƙara gani ba. Na yi minti arba'in ina zagaye. Tun daga ranar duk allona kilif ɗin bayansa mai tsinke ne, kuma da alƙalamin da ba ya gogewa na rubuta sunana a jikin kowanne.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mai saye: robar kilif na cinyewa. Kafin ka zaɓi kamfani, tabbatar ana samun robarsa da sifirinsa da kilif ɗinsa daban. Allon da ba a samun kayan gyaransa, ranar da robarsa ta mutu shi ma ya mutu.

Allo ya zauna a zare har a cire shi, ko ya saki ya zame?

Duka biyu ana yi. Masu wolai galibi suna matse gaba da baya gam, allo ya zauna inda aka sa shi, a naɗo a cire da hannu. Wolai ba mai dogon gudu ba ne, kuma jan allon ma na taimakawa wajen hana zare yin sako-sako.

Masu salmon da tirawut da sauran kifi masu gudu da tsalle sun fi son kilif ɗin gaba ya saki. Da zarar ya saki, allon ya daina yin gefe, ya juya yana bin zare ta kilif ɗin baya ko ta ɗan zobe, babu sauran turjiya. Idan ka zaɓi wannan, sa ƙwaya irin ta carbi da ɗan ƙarfe mai juyawa kamar ƙafa huɗu zuwa shida sama da ƙugiya, don allon ya tsaya a nan. In ba haka ba zai gangara ya bugi kifi a baki, kuma sau da yawa bugun nan ne ke cire ƙugiya.

Mai zare mai dalma ya kula: ba a matse kilif a kan dalmar, tana karyewa a ciki. A saki launukan duka, a matse a zaren da ke biye.

Me ya sa ake rubuta hagu da dama a jiki?

Don goshin kowanne gefe ɗaya aka fiƙe. Na hagu hagu zai yi, ko ta ina ka jefa shi. Hagu da dama kuwa ana ƙirga su ne kana fuskantar gaban jirgi, ba kana kallon baya wajen sanduna ba, kuma nan ne sababbi ke ruɗewa. Akwai alluna da ake iya kwancewa a juya su, amma wannan aikin gida ne da sukuddireba, ba na tsakiyar ruwa ba. Sayi bibbiyu, hagu da dama. Ni nakan liƙa jan tef a na hagu, kore a na dama, daidai da fitilun jirgi, don da asuba ido ba ya karanta ƙananan rubutu.

Tuta mai motsi fa, ta cancanci ƙarin kuɗin?

Ya danganta da abin da ke damunka a ruwan. Tutar da ke zuwa da allo a kafe take, aikinta a hango allo. Mai motsi, irin wadda Off Shore ke kira Tattle Flag, an haɗa ta da waya da sifirin zuwa kilif ɗin baya, ta yadda duk abin da ya ƙara nauyi a zare sai ta sunkuya. Idan kana jan tana a hankali, wajen mil ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, inda ƙananan kifi ke satar tana ko ciyawa ke maƙalewa, kwalliya na biyan kuɗin sabulu. Ƙugiyar da ta kwashi ciyawa ba ta kama komai, kuma ba tare da tutar ba sai ka ja ta rabin awa.

Idan kuwa manyan kifin roba masu nutso kake ja da sauri, nauyinsu kaɗai zai kwantar da tutar sai ka ɗaure sifirin, kifin da zai ci kuma ba mai sallama ba ne, allon gaba ɗaya zai ja. A nan kuɗin tuta gara a sa shi a kilif.

Ka tuna a bar ɗan sako-sakon zare tsakanin kilif na gaba da na baya. In ka ja shi tsam, tutar ba ta da wurin motsi.

Sandata da manaɗina na yanzu za su yi?

Wataƙila. Ana son sanda mai tsawon ƙafa bakwai da rabi zuwa takwas da rabi, mai ƙarfi a gindi da laushi a baki, don ta riƙa shanye fizgar taguwa. Manaɗi mai ƙirga ƙafa ya fi komai amfani, domin idan kifi ya ci a ƙafa 60 bayan allo, so kake ka mayar da sauran daidai 60, ba da ƙiyasi ba. Zaren nailan mai fam 10 zuwa 12 shi ne abin da masu wolai suka fi amfani da shi, masu salmon kuma su hau sama. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sandunan su zama iri ɗaya, da zare iri ɗaya, a cike daidai wa daida. Manaɗin da zarensa ya ragu ƙarya yake yi wajen ƙirga.

Kada ka manta da mariƙin sanda. Allo na ja ba hutawa, mariƙi mai rauni zai karye ko ya juya. A kafa sandunan bakinsu sama, don zare ya tashi daga ruwa tsakanin sanda da allo.

Guda nawa zan saya?

Doka za ta fara ba ka amsa. Kowane wuri da adadin sandunan da aka yarda mutum ɗaya ya saka. A Michigan uku ne ga kowane mai lasisi, a yawancin tafkunan cikin Minnesota kuwa ɗaya tak lokacin da ruwa bai daskare ba. Duba dokar ruwan da za ka shiga kafin ka tara alluna shida.

Bayan doka sai hannu. Fara da biyu, ɗaya kowane gefe, har ka iya saki da naɗowa ba tare da tunani ba. Sannan ka ƙara biyu. Kuma duk na gefe ɗaya su zama kamfani ɗaya, girma ɗaya. Idan suka bambanta ba za su yi sahu ba, kai kuma da sahun kake gane wanda ya ja baya.

Yaya ake jera su kada su harɗe?

Wanda ya fi nisa da jirgi shi ake fara saki, kuma a sandar da ta fi kusa da gaban jirgi. Na ciki a sandar da ke baya. Ƙugiyar da ta fi tafiya sama-sama ita ke waje, mai zurfi da nauyi a ciki. Tsakanin allo da allo a bar ƙafa 20 zuwa 30.

Idan na waje ya kama, kada ka yi gaggawa. Nauyin kifin zai ja allon baya, ka ba shi lokaci ya zagayo bayan jirgi ya wuce bayan na ciki, sannan ka naɗo shi ta tsakiya. Jirgi kuma kada ya tsaya. Yana tsayawa duk sauran zaruruwa su nutse su haɗu.

Kwana ma karatu ne. Idan ka juya, allunan gefen da ke wajen kwanar na ƙara gudu, na gefen da ka juya wajensa, wato na ciki, na ragewa. In kifi ya yi ta ci a gefen waje lokacin kwana, yana ce maka ƙara wuta. In a ciki ne, sassauta.

Wane allo ne ya fi jure iska da taguwa?

Mai nauyi a ƙasa. Juya allon ka duba gindinsa, za ka ga dalma a kwance. Ita ke tsayar da shi a miƙe, ta hana shi tashi sama idan taguwa ta ɗaga shi. Allo marar nauyi yana tsalle daga kan taguwa, ya kife, ya mirgina ya naɗe zare a jikinsa. Walleye Board na Church dalmarsa na matsawa gaba ko baya, sai ka tura ta gaba idan kayan da ke baya sun yi nauyi. Ka kuma nemi wanda ke tsayawa a miƙe ko jirgi ya rage gudu sosai, don a kwana allon ciki kusan tsayawa yake yi.

Ranar iska, bi taguwa ta baya, kada ka tunkare ta, kuma ka rage nisan alluna. Babu allon da ke tafiya da kyau yana hawan taguwa gaba da gaba.

Allona na nutsewa idan ya kusa jirgi da kifi. Laifin allon ne?

Galibi laifin hannu ne. Idan ka riƙa ɗaga sanda kana saukewa, goshin allon na cakar ruwa, kuma da ya shiga, wannan fiƙaƙƙen goshin da ke kai shi gefe shi zai kai shi ƙasa. Naɗa a hankali ba tsayawa, ba fizga. In ya nutse, daina ja, sassauta kaɗan ya taso da kansa. Jan allon da ya nutse da ƙarfi shi ne hanya mafi sauri ta tsinke zare ko ɓare bakin kifi.

Wajen cirewa, mai sanda ya ja da baya zuwa gaban jirgi, abokinsa ya kama zare, ya cire kilif na gaba sannan na baya, ya saki zaren a hankali, ba tas ba.

Zan iya ƙera nawa?

Babban allo, ƙwarai kuwa. Mutane sun daɗe suna yin sa da katako marar nauyi mai jure ruwa irin sida, da dogayen kusoshi masu zare da ba sa tsatsa, da zoben ɗaure igiya. Asirin yana wajen fiƙe goshi da inda ka sa zoben, don haka ka huda ramuka biyu ko uku ka gwada a ruwa. Kilif ɗin igiya ma ana haɗa shi da zoben labule da robar ɗaure kuɗi: a naɗa robar a zare, a rataya a zobe, kifi na ci ta tsinke. Sai dai a tara guntayen robar a jirgi, kada a bar su a ruwa. Turke kuma gwargwadon tsayinsa gwargwadon yadda igiya ke tashi daga ruwa da yadda zobba ke gangarawa da sauƙi.

Ƙaramin allo kuwa ban ga ribar ƙera shi ba. Daidaita dalma da soso da kilif a abu mai tsawon inci goma ya fi ƙarfin yammaci ɗaya.

Launi fa? Da kuma su da dare?

Launin don idonka ne da na sauran masu jirage, kifi bai damu ba. Rawaya da ruwan lemo sun fi fitowa. Da dare a ɗaura ƙaramar fitila ko sandar haske a tuta, a kuma rage nisa, don mai wucewa ba ya tsammanin akwai zare ƙafa 100 daga jirginka.

Idan allon na hannuna, sabo ko na hannu, me zan duba?

Buɗe kilif ka kalli robar. Idan ka ga layi ya ratsa ta ko ta yi ƙyalli ta taurare, ta gama aiki. Sa guntun irin zaren da kake amfani da shi, ka matse, ka ja da hannu ka ji inda yake zamewa. Gwada buɗe kilif ɗin da hannu ɗaya, da yatsu jiƙaƙƙu in da hali, domin haka za ka riƙa buɗe shi a jirgi, kifi na ja, jirgi na rawa. Girgiza allon kusa da kunne, dalmar da ke ƙara ta kwance. Danna soson da ke bayansa, wanda ya sha ruwa ko ya ruɓe ba zai ɗaga allon daidai ba. Duba hannun da ke riƙe kilif na gaba, nan ne yake fara tsagewa idan an taɓa taka shi, kuma ka tabbatar sukurorin ba masu tsatsa ba ne, balle in ruwan gishiri za ka shiga. Daga nan sai ka ɗora na hagu a kan na dama, goshi da goshi, ka ga fiƙar tasu ta saɓa wa juna. An sha sayar wa mutum na dama guda biyu a leda ɗaya, bai gane ba sai da ya jefa na biyun ya ga ya ratsa ta bayan inji.